Ruwan da Ya Ci Baba Bitrus

Ku samarin da kuke zuwa ku tarar da ni a gindin ɗorawar nan ta bakin magangara, kuna cewa Baba Sale ya dace da aikin hutu, yana zaune a inuwa yana kallon ruwa har rana ta faɗi, ku matso in gaya muku abin da nake kallo. Ba kyan ruwan ba ne. Wannan na baƙi ne, su da suke ganinsa sau ɗaya a shekara. Ni kawunan mutane nake kallo, da launin ruwa, da abin da yake ɗaukowa daga sama. In kun yi mini magana na yi shiru, ba girman kai ba ne, akwai kan da ya nutse nake jira ya ɓullo.

Ga wanda bai san wurin ba, magangarar tana cikin gandun dajin gwamnati, kudu da Jos, inda tudu yake ƙarewa hanya ta fara gangara. Daga ƙofar shiga akwai matakalar siminti da take sauka da kai har bakin ruwa. Ruwan yana faɗowa daga kan wani dogon dutse ya zuba cikin gurbi mai zurfi, baƙi ƙirin ko da rani. Daga nan ya rabu biyu ya zagaye wani falalen dutse da muke kira Tebur, inda kowa yake son tsayawa a ɗauke shi hoto. Ana tsallakawa Tebur ta kan wasu duwatsu da suke jere a cikin ruwa. A ƙasan Tebur ruwan yana sake haɗuwa ya matse tsakanin bango biyu, wurin da muke kira Maƙogwaro. Aikina a taƙaice shi ne kada kowa ya kai Maƙogwaro.

Gawar farko da na taɓa fitarwa ba a nan ba ce. A Ali Kazaure aka haife ni, mahaifina leburan kuza ne, kuma a tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika na koyi iyo, kamar yawancin 'yan Jos na lokacinmu, ana dukanmu muna komawa. Ina saurayi wani mai wankin mota ya zame a ɗaya daga cikin ramukan nan na bayan Rikkos. Aka yi ta nema ba a same shi ba, sai aka aika a ɗauko wani mutum da aka ce shi yake tsaron magangara. Kafin ya iso na riga na yi nutso na taɓo ƙafar mamacin a cikin laka, na kasa cirowa. Mutumin ya zo, gajere, mai faɗin ƙirji, ya tsaya yana kallon yadda nake shiga ina fita. Ya ce in fito in huta. Ya miƙo mini igiya ya ce ba a jan mutum daga laka da ƙarfin hannu, ɗaure shi ake yi a bar na tudu su ja. Na yi yadda ya ce, aka fito da shi. Ana cikin salati da kuka ya kira ni gefe ya ce ina da numfashi amma ba ni da hankali, in ina son hankalin in same shi a magangara. Shi ne Baba Bitrus.

Na je ina tsammanin iyo za a ƙara koya mini. Sai ya ba ni burushin waya da bokitin yashi ya ce in kankare gansakukar da take kan matakala da duwatsun tsallakawa, domin santsi ya fi zurfi kashe mutane a wurin. Har yau da wannan nake fara aiki kowace safiya. Da ruwa ya ja baya a tsakiyar rani, ya sa na bi duk inda ruwan damina yake rufewa, ba takalmi, ina taka kowane dutse ina jin wanda yake motsi. Daga nan ya ɗaura mini igiya a ƙugu ya saukar da ni Maƙogwaro, ya ce in rufe ido in laluba bangon da hannu. A can ƙasa akwai koguna, wuraren da ruwa ya ci dutse ya yi rami ta ciki. Ya ce duk abin da ruwa ya ɗauka a ɗayansu yake ajiyewa, kuma ranar da zan nema ruwan ba zai kasance garau ba, ido ba zai amfane ni da komai ba. Na yi ta lalube har yatsuna suka haddace su.

Baba Kirista ne, ƙauyensu yana bayan tudun da yake gabas da gandun. Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. In zan yi salla shi yake kallon ruwa, ran Lahadi kuma ni nake riƙe wurin har ya dawo daga coci. Ranakun da baƙi suka yi yawa ba na komawa Jos, a gidansa nake kwana, matarsa Mama Saratu ta ware mini tukunya da kwano nawa na kaina. Shekaru muka yi a haka.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu wanda zai burge ku. Igiya, da tiyub ɗin tayar babbar mota, da doguwar gora mai ƙugiyar ƙarfe a kai, sai usur. Igiya ba a naɗe ta a jiƙe, ba a barin ta a rana, kuma kullum ana bin ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, a ji inda ta fara laushi. Tiyub na mai rai ne, ƙugiya ta wanda aka makara a kansa. Usur kuwa dole ne, domin a bakin gurbi ko ka tsage maƙogwaronka da ihu wanda yake kusa da kai ba zai ji ba.

Abin da kuke gani a talabijin, mutum yana ɗaga hannu yana kiran a cece shi, ni ban taɓa ganinsa ba. Mai nutsewa ba ya magana, ba shi da iskar yin ta. Za ka ga kansa ya ɗan koma baya, bakinsa a buɗe, hannuwansa suna danna ruwa kamar mai hawa tsani, abokansa kuma suna gefensa suna dariya. Ba a zuwar masa ta gaba. Duk son da yake yi wa uwarsa, in ita ce ta zo ta gabansa a lokacin zai hau kanta ya danna ta ƙasa.

Wani ango ya taɓa zuwa da amaryarsa da mai hoto, sanye da babbar riga ta shadda mai sitati. Mai hoto yana ce masa ya ɗan ja baya don ruwan ya fito sosai, ya ja, ya sake ja, sai gurbi. Rigar ta buɗe a kan ruwa ta riƙe shi na ɗan lokaci, daga nan ta sha ruwa ta nannaɗe masa ƙafafu. Na faɗa na zagaya ta bayansa, amma ruwa ya juya shi muka haɗa fuska, ya cafki wuyana da hannu biyu. Baba ya riga ya koya mini abin yi: kada ka yi kokawa, ka nutsa ƙasa da shi, domin ƙasa ita ce inda ba ya son zuwa, zai sake ka da kansa. Na nutsa, ya sake ni, na ɓullo ta bayansa na kama wuyan rigar, Baba ya jefo tiyub. Da muka kwantar da shi ya amayar da ruwa, abin da ya fara tambaya shi ne ina hularsa.

Baƙi iri-iri ne. 'Yan makaranta sun fi sauƙi in malaminsu yana da tsawa. 'Yan bautar ƙasa suna zuwa da rediyo da abinci, koyaushe akwai ɗaya a cikinsu da yake son nuna wa 'yan mata ya iya tsalle daga dutse. A da Turawa suna zuwa, su tambayi sunan kowane tsuntsu. Akwai masu zuwa da jarka su ɗebi ruwan don addu'a ko magani, malamai da fastoci duka, kuma su sun fi son daidai inda ruwan yake faɗowa, wurin da ya fi haɗari. Waɗanda na fi ƙi su ne masu shigowa da kwalba a aljihu. Mai maye yana ganin ruwa ya yi masa kaɗan.

Wata damina saniya ta faɗo daga saman magangara. Ta wani makiyayi ce mai suna Buba, rugarsu tana can sama a bakin rafin da yake kawo mana ruwa. Ta zame wurin shan ruwa, ruwan ya kwaso ta ya jefo cikin gurbi da karyayyen baya, tana juyi tana numfarfashi. Buba ya sauko a guje ta cikin daji, ƙafafunsa duk jini. Roƙonsa ɗaya, a fito da ita a yanka kafin ta zama mushe. Baba ya shiga da kansa ya zarga mata igiya a ƙaho, mu uku muka ja ta gaɓa, Buba ya sa wuƙa da sauran rai a jikinta. Daga wannan rana muka yi wata yarjejeniya da ba a rubuta ba. Kun san ana iya tafka ruwan sama a tuddan can sama, mu nan rana tana haske, kuma duk ruwan nan ta kanmu zai bi. To duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi a sama, Buba ko wani na gidansu zai zo ya tsaya a leɓen dutsen yana kaɗa malafa. In mun ga malafa, mun san muna da lokacin fitar da kowa a tsanake kafin ambaliya ta iso. Mutane da yawa suna yawo a Jos yau ba su san malafar nan ce ta bar su da rai ba.

Sai shekarun nan suka zo. Kun san rikicin Jos, ko kun ji a gida, ba sai na maimaita ba. Bayansa babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Ma'aikatan ƙofa suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin tikiti ya zama na gizo-gizo. Igiyoyinmu biyu ne, ɗaya ta ruɓe, muka kai kuka ofis ba a sake ta ba. Wata safiya muka hau sama muka tarar da rugar su Buba babu kowa, sai ƙirar bukkoki da busasshen kashin shanu. Har yau ban san inda suka nufa ba. Baba da kansa ya ce in daina kwana a ƙauyensu, ba don gidansa ba, don hanyar zuwa gidan. Na koma zuwa daga Jos kullum, ina wuce shingayen da samari suke tsare mota su tambayi sunanka. Mutanen unguwarmu suna cewa ba ni da hankali. Ni kuwa ban san wani aikin ba.

A daminar da ta biyo bayan gobarar, wata bas ta kawo matan wani coci, yawancinsu Yarbawa 'yan kasuwa da shagunansu suka ƙone. Sun zo yin addu'a da shan iska, duk da fararen ɗankwalaye. Hantsi ne, sama tas, babu ko ɗigon hadari a kanmu. Suka yi waƙoƙinsu a gaɓa, suka ci abinci, har suka ɗibar mana, sannan suka tsallaka Tebur suna riƙe da hannun juna suna dariya. Rabon wurin da dariya an daɗe, Baba ma har yana murmushi.

Shi ya fara gani. Tsuntsayen tsattsewa da suke sheƙa a bayan ruwan suka fito gaba ɗaya kamar an kore su. Na duba gurbi na ga busassun ganyaye da karare suna juyi, farin kumfar nan kuma ta fara komawa launin koko. Daga sabo na ɗaga kai na dubi leɓen dutse. Babu kowa. Baba ya busa usur, na busa nawa, muka ruga duwatsun tsallakawa muna miƙa matan hannu zuwa hannu. Sun yi ƙoƙari, ba su tsaya ɗaukar jaka ko takalmi ba. Ta ƙarshen da na tsallakar, ruwa ya riga ya kai mata idon sawu a kan duwatsun. Ina juyowa sai na ga saura mutum ɗaya a can ƙarshen Tebur, budurwa, ta ba mu baya, tana zaune tana kallon ruwan da yake faɗowa. Muka yi ta busa usur, ko motsi ba ta yi ba.

Wata mata ta kama rigata tana jijjiga ni. Ita ce Mama Ronke, mai sayar da atamfa ce kafin gobara. Ta tsallako tana zaton 'yarta tana gaba.

"Oga, yarinya na ba ya ji," in ji ta. "Kurma ne. Ba ya jin komai."

Kafin ta rufe baki ƙarar ruwan ta canja, ta zama kamar tirela tana gangaro hawa. Duwatsun tsallakawa suka ɓace. Na ɗauki igiya zan ɗaura, Baba ya fizge ta daga hannuna.

"Kai ka tsaya ka ja," ya ce. "Ni ba ni da ƙarfin jan mutum biyu. Kai kana da shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma babu lokacin musu. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya tiyub, ya hau can sama da Tebur ya faɗa, don ruwa ya gangaro da shi daidai. Na zagaya ɗaya kan igiyar a jikin ɗorawar nan da kuke zaune ƙarƙashinta. Ya isa, ya kama gefen dutse ya hau. A lokacin yarinyar, Ronke, ta riga ta miƙe, ruwa ya taɓa ta ta juyo, ta tsaya ƙiƙam hannuwa a kai. Ya sa mata tiyub. Na ga ya dubi igiyar, ya dubi ruwan, sai ya kwance ta daga ƙugunsa ya ɗaura wa yarinyar a ƙarƙashin hammata, ya haɗa da tiyub ɗin. Ya san igiyar nan kamar yadda na san ta, ya san ba za ta ɗauki biyu a wannan ruwa ba. Ya ɗaga mini hannu, ya tura ta.

Na ja, matan suka kama bayana suka ja. Ruwa ya yi da ita wajen Maƙogwaro, igiya ta miƙe tana kuka tana fesar da ruwa, muka riƙe, a hankali ta karkato gaɓa har na kama ta. Na kwance igiyar na naɗe na jefa wa Baba. Jiƙaƙƙiyar igiya tana da nauyi, ta faɗi kafin ta kai. Na janyo na sake jefawa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya tsaya a karkace ya kafa ƙafa yadda ya koya mini. Jifa na gaba ta kai, ta faɗi kusa da hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka. A daidai nan wani kututture ya faɗo daga sama, ya nutse a gurbi, ya ɓullo ya bi ta kan Tebur ya share masa ƙafafu. Na ga bayansa sau ɗaya a bakin Maƙogwaro. Shi ke nan.

Ba a shiga irin wannan ruwa, ko don wa. Jira ake yi. Direban bas ya ce shi ba zai tsaya ba, an yi mutuwa, kuma kowa ya san yadda gari yake. Matan suka hau suna kuka. Mama Ronke ta sa ƙafa ɗaya a matakala, ta juyo ta tambaye ni sunana. Na ce Sale. Ta tambayi sunan wanda ruwa ya tafi da shi, na faɗa mata. Ta tambaya wa zai kai labari gidansu, na ce ni, babu wani. Ta dube ni. 'Yar kasuwa ce, ta rayu a Jos, ba sai an yi mata bayanin haɗarin da yake jirana a can ba. Ta ce wa direba ya tafi, ita da 'yarta za su nemi mota daga baya.

Ambaliyar tudu yadda take zuwa da sauri haka take wucewa. Wajen la'asar Tebur ya fito, ruwan ya rage ƙarfi amma ja wur yake. Na ɗaura igiya, na nuna musu yadda za su riƙe ta a jikin bishiya, da alamar da zan yi in ina son a ja. Uwar ba ta gane ba. Ronke ce ta karɓa, ta ɗora yatsunta a kan igiyar ta gyaɗa mini kai. A duk waɗanda suka taɓa riƙe mini igiya ban ga wanda yake jin motsinta kamar yarinyar nan ba. Na sauka. Kogon farko karare ne da takalmin wata mata. Na fito na sha iska na koma. Na biyu babu komai. A na can ƙasa, wanda sai ka kwanta a kan ciki kake shiga, ƙafata ta taɓa abu mai laushi. Na laluba na ji bel ɗinsa. Gora tana gaɓa, ban sa ƙugiya ba. Na kwance igiyar daga jikina na ɗaura masa, na yi alama, na biyo shi ina kare kansa daga bango.

Muka ɗora shi a baron da nake ɗibar yashi. Mama Ronke ta kwance zanenta na sama ta rufe shi. Hawa matakala da baro sai da muka yi ta hutawa, ni ina ɗaga gaba, su biyu suna riƙe baya. Daga ƙofa muka bi 'yar hanyar ƙafa ta cikin gonakin acca, tayar baron tana ƙara.

A bakin ƙauyen, inda shingen ƙerana ya fara, samari suna gadi da sanduna da adduna, kamar yadda ake yi a ko'ina a lokacin, har a unguwarmu. Sun san ni. Wasunsu ni na koya musu iyo. Ɗaya ya ɗaga zanen. Dutse ya fasa wa Baba kai ta gefe, kuma raunin dutse da na gatari ba su da bambanci ga wanda ransa ya ɓaci. Ban ji abin da aka ce ba, na dai ji sanda a kafaɗata, na ji ƙashi ya ba da ƙara, na durƙusa. Na biyu ta same ni a kunne. Sai na ji nauyin mutum a kaina. Mama Ronke ce ta kwanta a bayana, tana magana da Hausa da Yarbanci da Turanci a haɗe, tana kiran sunan cocinsu, tana cewa a fara da ita. Ronke kuwa ta shiga tsakiyarsu tana wani sauti daga maƙogwaro, ta ja wuyan rigarta ta nuna musu inda igiya ta yanke ta a hammata, jini yana tsattsafowa, tana nuna Baba, tana nuna ni, tana kwatanta ja da hannu biyu. Suka ɗan ja baya, ina jin don ba su san abin da za su yi da ita ba.

Ayuba, babban ɗan Baba, ya iso. Bai dube ni ba. Ya tsuguna ya buɗe bakin mahaifinsa ya ga yashi, ya juya tafin hannunsa ya ga yadda dutse ya cinye fatar yatsun. Ɗan mai tsaron ruwa ne, ya ga irin wannan tun yana ƙarami. Ya saurari Mama Ronke har ta gama. Sannan Mama Saratu ta fito, ana riƙe da ita. Ta daɗe tana kallon mijinta, ta gyara zanen a fuskarsa, ta juyo gare ni.

"Sale, kai ka fitar da shi?"

Na ce, "Ni ne, Mama."

"Bai kwana a ruwa ba," in ji ta. Ta ce wa samarin su ɗauke shi daga baro su shiga da shi gida, kuma duk wanda ya sake taɓa ni kada ya zo mata gaisuwa.

Ayuba ya raka mu har bakin kwalta, yana gaba muna baya. Ya tsayar mana da motar da ya san direbanta, ya sa matan a ciki. Kafin in hau ya ce mini kada in zo jana'iza, kada kuma in sake shigowa ƙauyen. Ya ce shi ya yarda, uwarsa ta yarda, amma dangi za su zo daga wurare, wasu an kashe musu mutane, kuma ba zai iya riƙe hannun kowa ba. Na ce na ji. Ban sake shiga ba. Daga inda nake zaune ɗin nan zuwa kabarin Baba ba a cinye rake ɗaya a hanya, amma ban taɓa ganinsa ba. Mama Ronke ta zo ta duba ni a Ali Kazaure, abin da ba kowace mace mai irin sunanta za ta yi ba a shekarar. Kafin shekara ta ƙare ta kwashe 'ya'yanta suka koma kudu. Kunnen hagun nan tun daga ranar ba ya ji sosai, shi ya sa kuke ganin ina juya muku na dama.

Ranar da aka binne shi na zo aiki, hannu a rataye a wuya, mai ɗori ya ɗaure kafaɗar da kara. Ba zan iya kankare gansakuka ba, ba zan iya jefa igiya ba. Na hau na zauna a saman matakala, inda ƙarar ruwa take raguwa. Iska tana kawo waƙar coci daga bayan tudu, tana zuwa tana ɗaukewa. Ina nan zaune wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofa, samari suka fito da tawul a kafaɗa, suka tambaya ko ruwan yana da kyau yau. Na ce musu ba a shiga. Ɗayansu ya leƙa ƙasa ya ce ai ga shi nan garau, kuma sun yi doguwar tafiya, ya tambaya ina ogan wurin yake ya yi magana da shi.

Na nuna masa wajen da waƙar take fitowa, na ce yana can. Na ce ba a shiga yau.